Littattafan da likitoci ke dogaro da su wajen gano cutar daji

Idan ƙari ya fito wa mutum a wuya ko a mama a garuruwa irin su Dandamisa, cikin ƙaramar hukumar Makarfi ta jihar Kaduna, babban asibiti mafi kusa da akan tura shi shi ne Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, kusa da Zariya.

A can, likita kan soka siririyar allura cikin ƙarin, ya zuƙo ƙwayoyin halitta, a shafa su a gilashi, a rina, sannan a duba a madubin likita. Wannan fanni shi ake kira saitoloji, kuma reshe ne na fatoloji, wato ilmin gano cuta ta hanyar nazarin sassan jiki.

Hukuncin da likitan zai yanke, ko daji ne ko tarin fuka ko kumburi kawai, ya dogara ne da horon da ya samu da kuma littattafan da yake komawa gare su.

Tushen fannin

Likitan nan ɗan asalin Girka, George Papanicolaou, shi ya aza harsashin fannin a Amurka. A 1943 shi da Herbert Traut suka wallafa littafi kan gano dajin mahaifa ta hanyar duba ruwan da aka shafo daga jikin mace. A 1954 kuma ya fitar da kundin hotunan ƙwayoyin halitta. Da sunansa ne ake kiran gwajin Pap.

A 1961 Leopold Koss ya wallafa littafin da ya danganta abin da ake gani a ƙwayoyin halitta da abin da ke cikin tsokar da aka yanko. Littafin ya zama madogara ga ƙwararru, kuma an yi ta sabunta shi.

Ɗaliban likitanci kuwa kan fara ne da littafin Stanley Robbins, wanda ya soma fitowa a 1957.

Magana da murya ɗaya

A da, kowane ɗakin gwaji na da nasa lafazin wajen rubuta sakamako, lamarin da kan rikita likitan da ke kula da majinyaci. Don haka a 1988 aka fito da tsarin Bethesda, aka kuma yi masa gyara a 1991 da 2001 da 2014.

Haka nan Hukumar Lafiya ta Duniya na fitar da jerin littattafai masu shuɗin bango daga cibiyarta ta Lyon a Faransa, waɗanda ke rarrabe nau'o'in ƙari.

Gudummawar Najeriya

Sai dai akasarin waɗannan littattafai an rubuta su ne bisa cututtukan da aka fi gani a Turai da Amurka. A ƙasar Hausa kuwa, kaluluwar wuya kan kasance tarin fuka, kumburin muƙamuƙin yaro kuma kan iya zama dajin da Denis Burkitt ya bayyana a Uganda a 1958.

Wannan giɓi ne George Edington da Herbert Gilles suka nemi cikewa da littafinsu kan cututtukan ƙasashe masu zafi, wanda ya fito a 1969. Edington ya koyar a Ibadan, daga bisani ya koma Zariya.

Masana dai na jaddada cewa littafi ba ya maye gurbin malami. Likitan da ke son ƙwarewa kan shafe shekaru yana duba gilasai tare da na gaba da shi, kafin ya zauna jarrabawar Kwalejin Ƙwararrun Likitoci ta Najeriya, wadda aka kafa a 1979.

Ga majinyaci, amfanin wannan duka shi ne a gano cutarsa daidai tun da wuri, domin maganin tarin fuka daban, na daji daban.