Jega da Hanyar Gwanja

'Ya'yanmu da aka haifa a Legas da Abuja sun san Jega a matsayin mararrabar motoci kawai. Amma a ƙarni na 19, bayan Buhari ɗan Abdussalami ya kafa garin, kasuwarta ta zama ɗaya daga cikin manya a daular Sakkwato. Nan ayarin fatake daga Kano ke yada zango, jakuna ɗauke da kanwa da turkuɗi, kafin madugu ya ja su su haye Kwara, su bi ta Borgu har Salaga ta ƙasar Gwanja, inda ake sayen goro. Tafiyar watanni ce, wani ma ba ya komowa. Gulbin Zamfara kuwa shi ya ba kwale-kwale hanya zuwa Kwara.

Ba yaƙi ne ya rage wa kasuwar ƙarfi ba, dogo ne. Da jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, sai goro ya koma bin teku zuwa Legas, ya hau jirgi. Reshen da ya nufo mu ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929, bai ƙara gaba ba.

Saura titi. Albasar Aliero takan bi ta Maiyama da Yawuri zuwa kudu, ko ta Kamba zuwa Nijar da Benin. Da aka rufe iyakoki a Agustan 2019, na ga manomi zaune gaban buhunansa, ɗalibina ne a da, albasa na ruɓewa, mai saye yana hayin iyaka.