Taƙaitaccen Tarihin Ƙauyen Alu da Bikinmu na Godiyar Kaka

Muna yi wa Allah godiya wanda ya kawo ikilisiyarmu shekara 50. Ya kamata mu rubuta wa 'ya'yanmu labarin wurin da muke zaune, gama da yawa a cikinsu suna jin sunan ƙauye, amma idan sun duba ba su ga kome ba sai gidaje da shaguna da kwalta.

Ƙauyen Alu yana bayan ganuwar birnin Kano, kusa da Gyadi-Gyadi da Tarauni da Unguwa Uku. A da wannan yanki duk gonaki ne. Manoman kewayen Kano ba su barin gona ta huta, sai dai su ciyar da ita da taki, wanda jakuna suke ɗaukowa daga cikin birni da rani. Ana shuka gero da dawa da wake, ana kuma barin itatuwa masu amfani a tsakiyar gona, kamar su ɗorawa da tsamiya da kanya da kuka. Sa'ad da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama abin kuɗi, har aka riƙa tara buhunanta dala dala. Farin 1973 da cutar da ta kama gyaɗa a 1975 suka karya wannan ciniki.

Bishara ma ba da sauri ta shigo ba. A 1900 Bishop Tugwell da Likita Miller suka zo Kano a zamanin Sarki Alu, amma ba a ba su izinin zama ba. An buga Littafi Mai Tsarki duka da Hausa a 1932. Mishan na SIM ya buɗe asibitin ido a Kano a 1943, ikilisiyoyinsa kuma suka tsaya da ƙafarsu da sunan ECWA a 1954. Bayan da aka kafa Jihar Kano a 1967, mutane suka yi ta zuwa neman aiki a ma'aikatun gwamnati da masana'antun Bompai da Sharaɗa. A cikinsu ne iyayenmu suke: waɗansu Hausawa ne daga ƙauyukan Rano da Sumaila da Tudun Wada, waɗansu daga kudancin Zariya, waɗansu daga Filato da ƙasar Tangale. Harsunansu dabam dabam ne, Hausa ce ta haɗa su a sujada. Da fari a zauren wani ɗan'uwa suke taruwa, sa'an nan suka yi rumfar zana, daga baya aka sa kwano.

Tun shekarar fari suka fara Godiyar Kaka, ko da yake ba a daɗe da fita daga yunwa ba. Sun bi koyarwar Maimaitawar Shari'a sura 26, inda aka umarci mutanen Allah su sa nunan fari cikin kwando su kai gabansa, su kuma tuna daga inda ya fito da su. Kusan kowane gida yana da 'yar gonarsa a lokacin. Ana kawo damin gero da dawa, da kwaryar wake, da kabewa, da kaza. Zumuntar Mata sukan shigo da waƙa, kaya a kā, dattawa su karɓa a gaban bagade.

Sannu a hankali birni ya cinye gonakin. Aka yanka filaye, aka yi gine-gine a hanyar Zariya da hanyar Maiduguri, aka kafa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a 1988. Yau Ƙauyen Alu mazaɓa ce a cikin Ƙaramar Hukumar Tarauni. Da damin hatsi ya ragu, sai 'ya'yan itatuwa suka ɗauki wurinsa. Mai bishiyar gwaiba ko gwanda a gida yakan kawo nasa. Wanda ba shi da ita yakan tafi kasuwar 'Yan Lemo a Na'ibawa ya sayo da kuɗin guminsa: lemo daga Binuwai, ayaba da abarba daga kudu, kankana da rake daga namu yankin. Shi ya sa yaran unguwa suke ce da shi bikin lemo. Mangwaro kaɗai ba ya samun zuwa, domin shi da bazara yake nuna, mu kuwa a watan Nuwamba muke biki.

Ba kowace shekara ce ta zo da daɗi ba. Bayan tashin hankalin Oktoba 1991, da na Mayu 2004, da hare-haren 20 ga Janairu 2012, iyalai da yawa sun kwashe kayansu sun koma gida, kujeru suka zama fanko. Duk da haka waɗanda suka rage ba su bar bikin ba. Muna kuma shaida cewa a kwanakin tsoro akwai maƙwabtanmu Musulmi da suka buɗe mana ƙofa. Saboda haka al'adarmu ce a raba kayan godiya kashi uku: kashi ɗaya a yi gwanjonsa domin aikin bishara, kashi ɗaya na gwauraye da marayu da marasa lafiya, kashi ɗaya kuma yara su kai gidajen maƙwabta, ba a tambayar addinin kowa.

Yanzu waɗansu suna cewa, tun da ba mu noma, a bar ɗaukar kaya, kowa ya sa kuɗi a ambulan. Ba mu raina ambulan ba, gama da shi aka yi rufin majami'a. Amma yaro ba ya ganin abin da ke cikin ambulan. Idan ya ɗauki kwando da hannunsa, zai tambaya don me, mu kuwa sai mu sami zarafin gaya masa labarin da muka rubuta a nan. Ambulan kuma ba ya shiga gidan maƙwabci yadda lemo yake shiga. Don haka muna roƙon matasa da za su karɓi ragamar wannan ikilisiya su riƙe kwandon, kowane gida kuma da yake da ɗan fili ya dasa itace ɗaya a wannan shekara ta jubili.

Ubangijin girbi ya albarkace ku duka. Amin.