Shekarar da Waya Ta Yi Shiru a Batsari da Safana

A ƙarshen watan Agustan 2021, Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a kan dokar da ta hana cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomin da ke fama da 'yan bindiga, ciki har da Batsari da Safana, ta kuma hana sayar da fetur a jarka. Cikin watan Satumba, bayan hukumar sadarwa ta NCC ta rufe layukan waya a Zamfara, sai aka yi haka a ƙananan hukumomi 13 na Katsina.

Hujjar gwamnati tana da ƙarfi. Da waya ɗan leƙen asiri yake sanar da mutanen dajin Rugu motsin sojoji, da ita kuma ake cinikin kuɗin fansa. In aka datse layi, an toshe wa maharan kunne.

Sai dai turken sadarwa ba ya tantance mai kira. Wanda ya ɗauki saƙon ɗan leƙen asiri shi ne yake ɗaukar muryar manomin da ya hango babura ya kira ƙauyen gaba, da ta mai naƙudar da ake nema wa mota cikin dare. Masu POS suka rufe rumfuna. Wanda ke son jin lafiyar iyayensa sai ya hau mota, a kan hanyar da ake tare matafiya. Hari kuwa ya ci gaba a wurare, labarinsa ne ya daina isowa da wuri. Cikin Disamba aka fara maido da layukan.

A 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ta wajabta karewa. Hankalin dokar ya fi karkata ga ɓarawon batir da mai yanke igiyar intanet. Tarihin Batsari da Safana ya ƙara wani haɗari a lissafin: hannun hukuma da kanta. Duk mai auna haɗarin da ke tattare da irin waɗannan kayayyaki, kafin ya ba da shawarar a kashe, ya fara lissafa su wa suka dogara da layin, da abin da za su riƙe ranar da ya yi shiru.