Ramar Kare Mai Ciwon Suga: Nazari a Kan Yanayin Ƙofar Marusa, Katsina

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin abin da ke sa kare mai ciwon suga ya riƙa ramewa alhali yana cin abinci sosai. Ta ɗora sanannen ilimin likitancin dabbobi a kan yanayin kiwon kare a Ƙofar Marusa, ta kuma nuna tushe uku na ramar: ƙarancin insulin, lalacewar maganin saboda zafi, da wata cuta da ke laɓe a bayan sugan.

1.0 Gabatarwa

A jikin kare aka fara gano asalin wannan ciwo. A 1889, a birnin Strasbourg, Oskar Minkowski da Joseph von Mering suka cire wa kare pankiriyas, sai ciwon suga ya kama shi. A 1921 kuma, da karnuka Frederick Banting da Charles Best suka yi gwajin insulin a Toronto. Abin takaici ne a ce dabbar da ɗan Adam ya samu waraka ta dalilinta tana ƙarewa a ƙofar gida, ana cewa tsutsar ciki ce.

2.0 Yadda Ramar Ke Faruwa

Insulin ne ke shigar da suga cikin ƙwayoyin jiki. Idan ya yi ƙaranci, sai sugan ya taru a jini. Da zarar ya haura kimanin miligiram 180 a kowace desilita, ƙoda ta kasa riƙe shi, ya bi fitsari tare da ruwa mai yawa. Jiki kuwa sai ya koma cin kitsensa da tsokarsa. Shi ya sa za ka ga kare ya lashe kwanon ƙanzo tas, amma haƙarƙarinsa na ƙirguwa. Ciwon ya fi kama karnukan da suka manyanta, musamman karyar da ba a cire wa mahaifa ba.

3.0 Yanayin Ƙofar Marusa

A nan, karen gadi da na farauta a waje suke kwana, don haka ba mai lura da yawan shan ruwansu da fitsarinsu. Sai rama ta bayyana, ko yanar ido ta rufe masa gani, kafin hankalin mai shi ya kai. Alamar da ta fi sauƙin gani ita ce kiyashi na taruwa inda karen ya yi fitsari.

Ko an fara allurar insulin, ramar na iya ci gaba. Insulin na buƙatar sanyin digiri 2 zuwa 8, a Afrilu kuwa zafin Katsina kan kai digiri 40, ga ɗaukewar wuta. Dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi, wadda ta kai Mohammed Bah Abba ga lambar yabon Rolex a 2000, tana rage zafin, ko da yake ba ta kai firji ba.

Idan maganin lafiyayye ne, sai a binciki tsutsar ciki, cututtukan kaska, ciwon mafitsara, da gazawar pankiriyas wajen narka abinci.

4.0 Kammalawa

Maƙalar na ba da shawarar a gwada jini da fitsarin duk karen da ke ci yana ramewa kafin a ɗura masa maganin tsutsa, a riƙa auna nauyinsa duk mako, a cire wa karya mai ciwon suga mahaifa. Akwai buƙatar tsangayoyin likitancin dabbobi na Zariya da Sakkwato su ƙididdige yawan ciwon a karnukan gida na ƙasar Hausa.