Daga Aci-balbal Zuwa Wayar Hannu: Yadda Barci Ya Yi Mana Nisa

 

Ya ɗan'uwa mai karatu, a bakin mutanen ƙasarmu ta Zamfara kalmar "kwana" tana ɗauke da ma'ana biyu. Idan mutumin Bunguɗu ya ce yana jin kwana, barci yake nufi. Idan kuwa ya ce ya yi kwana uku a Tsafe, darare yake ƙirgawa. Harshen bai ga dalilin raba su ba, domin a wurin waɗanda muka gada daga gare su, shigar dare da zuwan barci tare suke tafiya. A yau sun rabu, har ta kai mutum ya kwana a kan gadonsa bai yi kwana ba. Daga cikin tambayoyin da iyayen yara da manyan ɗalibai suka fi yi mini akwai wannan: Malam, wace addu'a ce take kawo barci da wuri? Amsar da nakan bayar ita ce, addu'o'in suna nan ba su je ko'ina ba, sai dai sun zo ne a cikin wani tsari na dare, kuma tsarin ne ya rushe a hannunmu. Tarihin rushewarsa nake son mu bi, saboda a cikinsa maganin yake.

Mu fara daga 'Yandoto, tsohon garin malamai da ke kusa da Tsafe, wanda rundunar jihadi ƙarƙashin Muhammadu Bello ta ci a shekarar 1806. 'Yan shekaru bayan haka Malam Sambo Ɗan Ashafa ya kafa Gusau. Daga wancan zamani har fiye da shekara ɗari, hasken dare a wannan yanki uku ne kawai: farin wata, wutar kara, da fitilar aci-balbal mai lagwanin auduga da ake zuba wa man gyaɗa ko man kaɗe. Mai kuwa abinci ne, babu magidancin da zai ƙone shi a kan hirar banza. Saboda haka akan ci tuwo tsakanin magariba da lisha, yara su taru a gaban tsohuwa don tatsuniya, wadda camfi ya hana a yi ta da rana, kuma ba a cika kai ƙarshen ta uku ba sai rabin masu sauraro sun ɓingire. Dandali da gaɗa na daren farin wata ne. Almajirai su yi karatun dare a kewayen wutar ƙirare, wuta ta mutu, karatu ya tashi. A sararin Gusau, tsakanin lisha da ketowar alfijir ba ya gaza awa takwas ko a lokacin da dare ya fi gajarta, da sanyi kuwa yakan kai goma. Baligi kuma awa bakwai zuwa tara yake bukata. Ashe lissafin a cike yake, har da rarar da mai tsayuwar dare zai ɗiba.

Abin da duhu ya tilasta, littafi ya ƙarfafa shi. Malaman zaure sun karantar da cewa Annabi (SAW) yana ƙin barci kafin lisha da hira bayanta, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Barzata. Sun karantar da umurnin kashe fitila da rufe ƙofa lokacin kwanciya, da kakkaɓe shimfiɗa, da yin alwala a kwanta a ɓangaren dama kamar yadda aka koya wa Barra'u ɗan Azib, da karanta Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi a tofa a tafin hannu a shafe jiki sau uku. Sa'ad da Nana Faɗima ta nemi mai hidima saboda wahalar niƙa, abin da aka ba ta ita da Sayyidina Ali shi ne tasbihi 33, tahmidi 33, da takbiri 34 idan sun zo kwanciya. Akwai kuma ruwayar Tirmizi cewa Khalid ɗan Walid ya kai kukan rashin barci aka koya masa wata addu'a, amma Tirmizin da kansa ya ce isnadinta ba shi da ƙarfi, don haka ba na gina hukunci a kanta. Ka dubi jerin nan da kyau: ruwa a jiki, duhu a ɗaki, kwanciya iri ɗaya, kalmomi iri ɗaya a kowane dare, da ƙirga da ke hana zuciya yawo. An yi su ne don ibada da neman tsari, wannan shi ne asali. Amma jikin da aka saba masa da su shekara da shekaru yakan gane cewa rana ta ƙare tun kafin a kai ga takbirin ƙarshe.

Farkon abin da ya taɓa wannan tsari shi ne jirgin ƙasa. Layin dogo da ya taso daga Zariya ya ratsa Gusau ya tuƙe a Ƙaurar Namoda a 1929, domin kwasar auduga da gyaɗa. Taragon da ya tafi da auduga ya dawo da kananzir, da fitilar ƙwai, da ashana, da ganyen shayi da sukari. Gusau ta zama garin kantuna da baƙi, kuma a shekarun 1960 ta sami masaƙa mai aikin karɓa-karɓa, inda aka ga magidanci yana fita aiki a lokacin da kakansa yake rufe ƙyaure. Rediyo ya shigo zaure, Sashen Hausa na BBC tun 1957. Sai lantarki: an kammala madatsar Kainji a 1968, aka kafa NEPA a 1972. Gaskiya ita ce NEPA da magadanta sun riƙa mayar mana da duhun kakanninmu ba tare da mun roƙa ba, sai dai mun amsa musu da janareta, wanda ya haɗa mana haske da ƙara da hayaƙi a wuri ɗaya. Gusau ta zama babban birnin jiha ranar 1 ga Oktoba, 1996. A 2001 wayar salula ta shigo Nijeriya, kuma ba a daɗe ba kamfanoni suka fito da kiran dare kyauta daga bayan sha biyu zuwa goshin asuba. Sa'o'ina sun san abin da wannan garaɓasa ta yi wa sallar asuba da darasin safe. Gidajen kallon ƙwallo suka biyo, inda wasan Turai na tsakiyar mako a lokacin sanyi ba ya tashi sai wajen sha ɗaya na dare. Daga ƙarshe fitilar ta ƙanƙance ta shiga tafin hannu, ta bi mu har cikin gidan sauro.

Abin mamaki, a daidai shekarun da muke ƙara haske, masana a wasu ƙasashe suna gano abin da haske yake yi wa barci. A 1958 Aaron Lerner na Jami'ar Yale a Amurka ya gano sinadarin melatonin, wanda wata 'yar tsoka a tsakiyar ƙwaƙwalwa take saki idan duhu ya yi, ya sanar da jiki cewa dare ya shiga. A 2002 aka tabbatar da wasu ƙwayoyi a cikin ido waɗanda aikinsu auna haske ne su kai rahoto ga agogon jiki, kuma sun fi jin haske mai launin shuɗi, irin wanda ya yawaita a farin ƙwan lantarki na zamani da fuskar waya. A 2013 Kenneth Wright na Jami'ar Kolorado ya fita da mutane daji mako guda, babu haske sai rana da wutar itace, sai fitar melatonin ɗinsu ta matso gaba da kimanin awa biyu. Wato mako ɗaya na irin daren 'Yandoto ya isa ya gyara agogon. Saboda haka mataki na farko ga mai son barci da wuri shi ne ya rage hasken gidansa bayan lisha, ya ajiye waya nesa da shimfiɗa kamar awa guda kafin kwanciya. Ba haskenta kaɗai ne illa ba. Labarin da ke cikinta ya fi hasken tayar da zuciya. Na biyu, wanda mutane suke mantawa, ya tsayar da lokacin tashi guda ɗaya kullum, ya bar hasken safiya ya shiga idonsa, domin da safe ake ɗaura agogon da zai buga da dare.

Sai abin da muke zubawa a ciki. Goro daɗaɗɗe ne a wurinmu, fatake sun daɗe suna kawo shi daga Gwanja, kuma masu tsaron dare da matafiya sun san amfaninsa. Sinadarin kafin da ke cikinsa, da cikin shayi da kofi da lemukan ƙarin kuzari, yana toshe saƙon gajiya da ke taruwa a ƙwaƙwalwa tun safe, kuma bayan kimanin awa biyar rabinsa yana nan a jini. Wanda ya zauna a majalisar shayi ƙarfe tara na dare, ya sha na farko da na biyu da na uku, to ƙarfe biyu yana tare da rabin abinsa. Ni a ganina, mai fama da rashin barci ya yi sallama da goro da shayi daga la'asar. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 1350, ya keɓe fasali a Zadul Ma'ad kan tsarin barci da farkawa, ya yi gargaɗi a kan kwanciya da cikakken ciki, kuma likitocin yau ba su saɓa masa ba. Ƙailula ma tana da iyaka: kaɗan bayan azahar tana wartsakarwa, doguwa bayan la'asar kuwa bashi ce da dare zai biya.

Zafi shi ne abokin gabar da ba mu cika lissafawa ba. Barci ba ya kama mutum sai ɗumin cikin jikinsa ya ɗan sauka. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango da rufin azara ko ciyawa yana tare zafin rana, kuma da bazara kakanninmu sukan yayyafa ruwa a tsakar gida su shimfiɗa tabarma a waje. Ɗakin bulo mai rufin kwano da ƙaramar taga kuwa tanda ne a watan Afrilu. Wanka awa ɗaya ko biyu kafin kwanciya yana taimakawa. Wani nazari da aka yi a Jami'ar Texas a 2019, wanda ya tattara binciken da suka gabata, ya nuna cewa wanka da ruwan ɗumi a wannan lokaci yana rage jiran barci da kimanin minti goma, saboda yana kai jini ga fata, zafi ya fice.

To, idan an yi duk wannan, ido ya ƙi rufuwa fa? Mai lafiya yakan yi barci cikin minti goma zuwa ashirin. Idan an zarce haka ana juye-juye, shawarar da Richard Bootzin ya tsara a 1972, wadda har yanzu likitocin barci suke aiki da ita, ita ce a tashi daga gadon, a zauna a wuri mai ƙarancin haske ana wani abu mai natsuwa, kada a koma sai gyangyaɗi ya zo, don kada zuciya ta saba haɗa shimfiɗa da zulumi. Musulmi ba ya rasa abin yi a wannan zama. Kuma farkawa a tsakiyar dare ba lallai ciwo ba ne. Masanin tarihi Roger Ekirch ya nuna cewa Turawa kafin zamanin lantarki barci biyu suke yi, na farko da na biyu, da farkawa a tsakani, har ya kawo misalin Tibi na Binuwai da aka rubuta suna da irin wannan rabo. Mu da muka san sulusin dare na ƙarshe ba baƙi ba ne ga wannan. Wanda ya farka ƙarfe uku ya ɗauki waya ya kashe barcinsa na biyu. Wanda ya yi alwala ya yi raka'o'insa ya koma, sau da yawa yakan same shi. Amma wanda ya yi wata uku yana fama, ko yake minshari mai yankewar numfashi, asibiti ne wurinsa, kada ya sayi ƙwayar barci a kemis da ra'ayin kansa, domin tana kama mutum.

Akwai kuma rashin barcin da babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai taɓa shi. Alƙur'ani ya ambaci gyangyaɗin da aka saukar wa muminai a Badar a Suratul Anfal, da na Uhudu a Ali Imrana, kuma a duka wuraren biyu ya haɗa shi da aminci. Fiye da shekara goma ke nan 'yan bindiga suna addabar ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu da sauran sassan jihar nan. A watan Satumba na 2021 aka rufe layukan waya a Zamfara baki ɗaya saboda aikin soja, aka buɗe na Gusau a farkon Oktoba, sauran yankuna sai ƙarshen Nuwamba. A makonnin nan na lura a ajina cewa hamma ta ragu, yaran cikin gari suna zuwa da haddarsu a cike, domin an ɗauke musu fitilar tafin hannu. Amma akwai yaran da iyayensu suka gudo da su daga ƙauye suka raɓa a gidajen dangi, waɗanda ba su taɓa mallakar waya ba, kuma su hammarsu ba ta ragu ba. Ɗaya daga cikinsu, yarinya 'yar kimanin shekara goma sha ɗaya, ta gaya mini cewa a garinsu da takalmi ake kwanciya, kuma ko a Gusau idan babur ya wuce da dare sai ta tashi zaune. Na koya mata azkar ɗin kwanciya kamar sauran, na kuma roƙi gwaggonta ta riƙa kwantar da ita kusa da ita, nesa da tagar da ke kallon titi.