Kuben Ƙaramar Bindiga: Daga Gaban Sirdi Zuwa Ƙarƙashin Riga

Kuben ƙaramar bindiga gida ne na fata ko na roba mai tauri da ake zura libarba ko fistol a ciki, a ɗaura shi a ƙugu, ko a hammata, ko a idon sawu. Yawancin tarihinsa a Amurka ya gudana, domin can ne farar hula suka fi yawo da bindiga da izinin hukuma. Tarihin nasa kuma a sarƙe yake da wata gardama da Amurkawa suka shafe sama da shekara 200 suna yi: ko mutum yana da ikon ɓoye makami a jikinsa ya shiga cikin jama'a.

Da farko doki ne ke ɗaukar nauyin, ba mutum ba. Sojojin doki na Turai a ƙarni na 17 da na 18 sukan rataya bindigogi biyu a gaban sirdi, ɗaya dama ɗaya hagu, cikin manyan jakunkunan fata. Ko bayan da Samuel Colt ya yi wa libarbarsa rajista a 1836 abin bai sake nan da nan ba, don samfurin Walker na 1847 ya kai kilo 2, ba wanda zai wuni da shi a ƙugu. Sai da samfurin Navy na 1851 ya fito, mara nauyi sosai, kube ya sauko daga sirdi ya koma jikin ɗamara. Na sojoji yana da marfi da ke rufe bindigar ruf saboda ruwa da ƙura. Masu haƙar zinariya a Kalifoniya kuwa suka fi son siriri mara marfi, wanda ke bin surar bindigar. Duk waɗannan a fili ake ɗaura su, kowa na gani.

Wannan gani ɗin shi ne muhimmin abu a idon mutanen wancan zamani. Mai bindiga a fili ana ɗaukarsa mutumin da ba ya da abin ɓoyo. Mai bindiga a cikin riga kuwa ana yi masa kallon ɗan caca ko mai shirin kisan gilla. Jihohin Kentucky da Louisiana sun haramta ɓoye makami tun 1813. A 1822 kotun Kentucky ta soke dokar, amma jihar ba ta haƙura ba, sai da ta gyara kundin tsarin mulkinta a 1850 don majalisa ta sami ikon hanawa. Tsoron nasu ba na banza ba ne. 'Yar mitsitsiyar bindigar da Henry Deringer na Philadelphia ya ƙera tana ɓacewa a aljihu, kuma da irinta John Wilkes Booth ya harbi Shugaba Abraham Lincoln a gidan wasan kwaikwayo na Ford ran 14 ga Afrilu, 1865. Hatta garuruwan kaboyi da finafinai suka mayar tamkar fagen harbi suna da doka: a Tombstone, dokar 1881 ta ce baƙo ya ajiye bindigarsa in ya shigo gari, kuma ƙoƙarin tilasta ta yana cikin abin da ya haddasa shahararriyar musayar wutar O.K. Corral a watan Oktoban shekarar. A 1911 jihar Niyok ta kafa dokar Sullivan, wadda ta sa sai da lasisi ake riƙe bindigar da za ta iya ɓoyuwa a jiki.

Saboda haka, a yawancin ƙarni na 20, masu buƙatar kuben ɓoye 'yan sandan ciki ne da jami'an farin kaya, kuma dominsu dukawan Amurka suka yi ta gwaje-gwaje. Kamfanonin bindiga suka fitar musu da libarba mai gajeren baki, irin Detective Special ta Colt a 1927 da Chiefs Special ta Smith & Wesson a 1950. Abin da ake nema a lokacin sauri ne. Kuben da aka sa wa sunan Tom Threepersons, wani jami'in tsaro a El Paso a shekarun 1920, an yanke masa duk fatar da ba dole ba, har kunamar bindiga tana waje, don yatsa ya same ta tun kafin a gama zarowa. A yau malamin harbi zai kori ɗalibin da ya zo da irinsa, amma a lokacin ba a ga aibu ba, domin kunamar libarba tana da tauri, sai an ja ta da ƙarfin kilo 5 ko kusa da haka kafin ta tashi.

Maganar kube ta shiga har cikin adabi. A 1956 wani masanin bindiga, Geoffrey Boothroyd, ya rubuta wa Ian Fleming, marubucin littattafan James Bond, wasiƙa yana kushe bindigar Bond da kubenta na lallausar fata, cewa irinsa yakan riƙe bindiga a lokacin da ake buƙatarta. Fleming ya karɓi gyaran, ya sauya wa Bond makami a littafin Dr. No na 1958.

Siffofin da ake amfani da su yanzu sun fito ne cikin 'yan shekaru kaɗan. A ƙarshen shekarun 1960 Bruce Nelson, jami'in yaƙi da miyagun ƙwayoyi a Kalifoniya, ya tsara Summer Special, kuben da ke shiga tsakanin wando da jiki. Ya juya gefen fata mai kaushi waje don ya kama tufa kada ya zame, ya kuma ƙarfafa bakinsa don kada ya rufe bayan an zare bindiga, ta yadda za a mayar da ita da hannu ɗaya. Roy Baker ya biyo da nasa a farkon shekarun 1970: fata biyu shimfiɗaɗɗu a ɗinke, da tsagar bel gaba da baya, suna manne bindiga da ƙugu. A 1972 Bill Rogers, tsohon jami'in FBI, ya fara yin kube da Kydex, wata roba da aka ƙirƙiro a 1965 domin cikin jiragen sama. Ana gasa ta ta yi laushi, a matse ta a jikin bindigar, ta huce da surarta. Gumi ba ya cin ta, ba ta kuma saki da tsufa kamar fata.

Abin da ya sauya ma'anar kube gaba ɗaya shi ne zuwan bindigar Glock daga Ostiriya a farkon shekarun 1980. Ba ta da maɓallin kulle na waje da ake turawa da babban yatsa, kunamarta kuma kusan kilo 2.5 kawai take buƙata. Igiyar riga, ko leɓen tsohuwar fata da ya lanƙwashe ciki, ya isa ya ja ta yayin mayarwa. Daga nan aikin kube na farko ya zama rufe kunama, ba kare bindiga daga ruwa ba, ba kuma sauri ba.

A daidai wannan lokaci doka ta juya. Fulorida ta kafa tsari a 1987 cewa duk wanda ya cika sharuɗɗa dole a ba shi lasisi, jihohi da dama suka bi sahu. Illinois ce jiha ta ƙarshe da ta halatta yawo da ɓoyayyar bindiga, a 2013, bayan kotu ta tilasta ta. Ran 23 ga Yuni, 2022, Kotun Ƙoli, a shari'ar Bruen, ta soke sharaɗin Niyok na cewa sai mutum ya nuna dalili na musamman. Zuwa 2024 jihohi 29 ba sa ma neman lasisi. Abin da kakanni suka ɗauka halin maha'inci ya zama al'adar miliyoyin talakawa, maza da mata. A Najeriya lamarin daban ne: dokar makamai ta 1959 ta sa libarba da fistol cikin makaman da ba a riƙewa sai da lasisin shugaban ƙasa.

Mai zaɓen kube a Amurka yau yana da wurare da yawa: bayan ƙashin ƙugu, ko gaban ciki, inda zarowa ke da sauri amma bakin bindiga na kallon babbar jijiyar cinya, ko hammata ga mai dogon zama a mota. Masu koyarwa sun fi haɗuwa a kan cewa kuben ya zama na wannan samfurin bindiga takamaimai, ya rufe kunama da abu mai tauri, ya riƙe ta ko mutum ya faɗi, a kuma haɗa shi da bel mai ƙarfi. Sun fi jin tsoron bindigar da ta bar jiki. A Disambar 2014, a wani kanti a jihar Idaho, yaro ɗan shekara 2 ya zuge jakar mahaifiyarsa, wadda aka ɗinka musamman don ɓoye bindiga, ya taɓa kunama, uwar ta rasu nan take. Tana da lasisi, ba ta karya wata doka ba. Kuben da zai bar hannun yaro ya kai ga kunama bai yi aikinsa ba, komai kyan ɗinkinsa.