Tudun Daima: Tarihin da Ke Binne a Ƙasar Firki

Daima tudu ne da ke yankin Ngala a jihar Borno, kudu da Tafkin Chadi, dab da iyakar Kamaru. Tsayinsa ya kai kimanin mita 11, kuma hannun ɗan Adam ne ya tara shi. Yankin shimfiɗaɗɗen fili ne na baƙar laka da ake kira firki. Da damina ruwa kan kwanta a kansa wata da watanni, da rani kuma ya bushe ya tsattsage. Wanda zai zauna a irin wannan wuri dole ya nemi ɗan tudun yashi da ruwa ba ya cinyewa. Da yake irin waɗannan wurare ba su da yawa, mutane sun yi ta gini a kan kufan iyayensu: ɗaki ya rushe, a baje ƙasarsa, a ɗora sabo, toka da shara su hau kai. Haka tudun ya yi ta tashi har tsawon shekara kusan 1,700.

A shekarun 1965 da 1966 ne Graham Connah, masanin tonon kayan tarihi da ke Jami'ar Ibadan a lokacin, ya tona wurin. Ya yanka dogon rami ta tsakiyar tudun, tun daga ƙololuwa har ƙasar asali, ta yadda jikin ramin ya nuna zaman mutane hawa-hawa. Daga gwajin shekarun gawayin da aka tsinta, ya kasa tarihin wurin gida 3.

Zango na farko ya faro wajen shekara ta 550 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Mutanen wannan lokaci ba su san ƙarfe ba. Suna kiwon shanu da ƙananan dabbobi, suna su, suna farauta. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne kayan aikinsu. Ƙasar firki ba ta da dutse ko na jifa, amma an sami gatura da duwatsun niƙa a can ƙasan tudun, waɗanda ba makawa daga nesa aka ɗauko su. Tsadar dutse ce ta sa suka koma ga ƙashin dabbobi, suka sassaƙa masu da tsinkayen kamun kifi masu ƙayoyi. Sun kuma bar ƙananan siffofin shanu na yumɓu, shaidar matsayin saniya a rayuwarsu.

Wajen shekara ta 50 Miladiyya zango na biyu ya shigo, kuma a cikinsa ƙarfe ya bayyana, kayan ƙashi suka fara ja da baya. Gini ya ƙara ƙarko: ga zagayayyun ɗakunan laka, ga daɓen da aka jera da tsingaron tukwane. Muhimmin abu a nan shi ne ba a bar garin aka sake sabo ba. Ƙarfe ya iske mutane a zaune ne, suka karɓe shi suka ci gaba da rayuwa a wuri guda. Wuraren da za a ga wannan sauyi a rami ɗaya ba su da yawa a Afirka ta Yamma, kuma darajar Daima ke nan.

Zango na uku, daga wajen 700 zuwa 1150, shi ne na wadata. An sami ƙonanniyar dawa, hatsin da har yau ake dasa irinsa na rani, masakwa, a kan firki bayan janyewar ruwa. A kaburbura, inda ake kwantar da mamaci a takure cikin gari, an tarar da kayan adon tagulla da duwatsun wuya na gilashi da na jan dutse. Babu ko ɗaya daga cikinsu da ƙasar firki ke samarwa. Fatauci ne ya kawo su, a daidai zamanin da daular Kanem ke tasowa a arewa maso gabashin tafkin.

Mutanen yankin kan danganta irin waɗannan tuddai da Sao, al'ummar da labaran baka ke cewa ƙattai ne, wadda kuma Kotoko ke ɗauka a matsayin kakanni. Ƙasusuwan da aka tono dai na mutane ne masu girman kowa.

Connah ya tattara sakamakon aikinsa a littafin da ya fitar a 1981. Daga baya masana daga Jami'ar Frankfurt ta Jamus, tare da Jami'ar Maiduguri, sun tona Gajiganna a shekarun 1990, inda suka gano matsugunan da suka girmi Daima da shekara fiye da 1,000.